Goyo Da Baitulmali

Wanda duk ya ratsa Sanyinna da hantsi, ko Tambuwal, ko Kebbe, ko wani gari daga garuruwan kudancin Sakkwato, ba zai rasa ganin 'yar yarinya mai shekara bakwai ko takwas ba, da tiren talla a ka, da ƙanenta ɗaure a baya, ƙafafunsa na reto har cinyoyinta, don ita kanta ba ta fi shi tsawo da yawa ba. Ido ya saba da ganin haka har ba ya ɗaukarsa abin magana. Amma a bayan yarinyar nan aka aza wata tambaya wadda ta daɗe tana wahal da masu mulki, tun daga Madina har Ingila, har nan Sakkwato. Tambayar kuwa ita ce, in hukuma ta yi nufin taimakon talaka wajen renon 'ya'yansa, wanne ya fi, ta ƙirga kuɗi ta danƙa wa iyaye su yi yadda suka ga ya dace, ko kuwa ta tanadi wuri ta ɗauki masu reno, a riƙa kai yara can da arha ko kyauta?

Kafin a ji amsar da aka yi ta bayarwa, ya kamata a san yadda reno yake a ƙasar Hausa tun hukuma ba ta sa baki ba. A al'ada ba a bar wa uwa ita kaɗai nauyin ɗanta ba. Mace in ta yi cikin fari ta kan koma gidan iyayenta goyon ciki, can za ta haihu, ungozoma ta yanke cibi, uwarta ko gwaggonta ta tsaya mata wajen wankan jego da kunun kanwa har a yi arba'in, wani lokaci ma ta zarce watanni. Ɗan fari kuwa akwai kunya tsakaninsa da iyayensa, ba su kiran sunansa, ba su wasa da shi a gaban mutane, saboda haka tun yana ƙarami hannun kaka ya fi sani. In yaro ya kusa shekara biyu aka tashi yaye, sai a ɗauke shi a kai wa kaka ko wata 'yar'uwa, ya yi kwanaki can har ya manta da nono. Sau da yawa daga yayen nan ba ya komowa, ya zama ɗan riƙo ke nan, ita za ta ci da shi ta tufasar da shi, in mace ce ta yi mata aure. Matar da Allah bai ba haihuwa ba, ba a barinta da ɗaki wayam, 'yan'uwa su kan ba ta tallafi. Baba ta Karo, wata tsohuwa ta ƙasar Zazzau wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta reni 'ya'yan dangi har ta aurar da su.

Shari'a kuma ta raba aikin gida biyu. Ci da sha da tufafi a kan uba suke. Riƙon yaro da kula da shi kuwa, a mazhabar Malikiyya wadda alƙalan ƙasar nan ke bi, haƙƙin uwa ne, in ta rasu ko ta yi wani aure ya koma ga uwarta, sa'an nan sauran mata na wajen uwa, kafin a waiwayi dangin uba. Watau tun asali mai ba da kuɗi daban, hannun da ke reno daban. Kuɗin ana ƙididdige su, alƙali na iya yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa, matar da aka saka tana shayarwa ma tana da ladan shayarwa a kan uban ɗan. Amma goyon yau da kullum, wanda kaka da yaya ke yi daga safe har magariba, ba mai ƙirga shi. Abin da ba a ƙirgawa kuwa, shi ne abin da a kan zaci kyauta ake samunsa.

Mai mulkin da ya fara yanka wa yara rabo daga Baitulmali cikin tarihin Musulunci shi ne Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ya riƙi mulki daga 634 zuwa 644. Da dukiya ta yawaita a Madina bayan an ci Sham da Iraƙi, sai ya kafa diwani, watau littafin da aka rubuta sunayen mutane da abin da kowa zai riƙa karɓa a shekara. Ya sa yara a ciki, amma da sharaɗi, ba a rubuta yaro sai an yaye shi. Dalilin a fili yake, mai shan nono ba ya cin hatsi. Malaman tarihi, irin su Ibn Sa'ad, sun ruwaito cewa wani dare ayarin fatake ya sauka a filin Idi na Madina, Umaru da Abdurrahmani ɗan Aufu suka kwana suna yi musu gadi. Cikin dare Umaru ya ji jariri na kuka, ya je ya gargaɗi uwar ta rarrashe shi. Aka jima kukan ya sake tashi, ya koma. Can wajen asuba ya koma na uku, ransa a ɓace, ya tuhume ta da rashin kula. Matar ba ta san ko wane ne ba, ta ce masa ya dame ta, yaye take son ta yi wa yaron shi kuwa ya ƙi, domin Umaru ba ya ba da rabo sai ga wanda aka yaye. Ya tambayi watannin yaron, ta faɗa, ashe bai ko kusa isa yaye ba. An ce da Umaru ya ja sallar asuba ran nan, mutane ba su iya fahimtar karatunsa ba saboda kuka. Da ya sallame ya sa mai shela ya gaya wa jama'a a daina gaggawar yaye, daga ran nan kowane jariri yana da rabonsa tun daga haihuwa. Ya kuma aika da takardu lardi lardi da wannan umurni. Rabon jariri, yadda aka ruwaito, dirhami 100 ne a shekara, ana ƙarawa in ya girma.

Matar nan ba muguwa ba ce, talauci ne ya sa ta lissafi. Halifa ma bai nufi cuta ba. Sharaɗi guda da aka rubuta da kyakkyawar niyya cikin littafin Baitulmali shi ya ratsa har zanin goyon mace ya raba jariri da nono. Duk wanda ya zo daga baya da niyyar ba iyaye kuɗi sai da ya yi karo da wannan, cewa kuɗi su kan isa inda aka aike su, amma mutane su kan gyara zamansu ya dace da sharaɗin da aka gindaya. Mai karatu ya riƙe labarin nan, zai sake gamuwa da shi a ƙasar Anka bayan shekara dubu da ɗari uku da wani abu.

A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, marayu da matalauta suna cikin masu haƙƙi a Baitulmali yadda Shari'a ta tsara. Ana tara zakkar hatsi a rumbunan masu ƙasa, irin su Muhammadu Buhari ɗan Shehu wanda ya zauna Tambuwal ya tsare wannan sashe, ana fid da ita ga mabukata. Taimakon cikin gida yake shiga, damin gero ne ko tufa, yaro na nan hannun danginsa. Reno na wajen dangi guda ɗaya aka sani, shi ne almajirci, inda uba kan danƙa ɗansa ga malami, gari kuma ya ciyar da shi, wannan kuwa na 'ya'ya maza ne waɗanda suka yi wayo. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta shirya 'yan taru don ilmantar da matan ƙauye, ta naɗa jajoji, watau dattijan mata masu jagorar ayari zuwa wurinta. Masu zuwa cikin ayarin nan yawancinsu tsofaffi ne da 'yan mata ƙanana. Masu goyo suna gida, sai jaji ta komo ta karanta musu abin da ta ɗauko. Ta san wanda reno ya ɗaure, ta kuma san ta wace ƙofa za a kai masa ilmi.

Ran 15 ga Maris 1903 Turawa suka ci Sakkwato. Abin mamaki, gidan reno na farko da Gwamnati ta gina a Nijeriya ta Arewa ba don 'ya'yan talakawa masu iyaye aka yi shi ba. Gwamna Lugga ya hana cinikin bayi, sojoji suka riƙa tare ayarin masu fataucin mutane suna ƙwato yara waɗanda ba su san garinsu ba, wasu ko harshensu ba mai ji. Aka rasa inda za a kai su, sai aka buɗe musu gida a Zungeru wajen 1904, da wani a Barno, ana ci da su ana koya musu ɗinki da wanki da sassaƙa. Da yawa sun iso da yunwa da cuta a jikinsu, mutuwa ta yi yawa, kuɗin riƙon gidan kuma ya dami Gwamnati. A 1909 aka kwashe yaran Zungeru aka danƙa su ga Turawan Mishan na Sudan United Mission a Rumasha, bakin kogin Binuwai. Gwamnati ta wanke hannunta ke nan. Labari irin wannan ba ya sa mutumin ƙauye ya yi sha'awar kai ɗansa gidan hukuma, har yau kuwa in aka ce gidan reno, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane da yawa shi ne gidan marayu, wurin yaron da ba shi da kowa.

Da aka kafa Baitulmalin En'e wajen 1911, haraji da jangali suka sami littafi da rasit. Wanda ya duba kasafin kuɗin En'e na shekara zai ga albashin hakimai da alƙalai da 'yan doka, da gyaran hanyoyi, da haƙa rijiyoyi, da ɗakunan shan magani, da makarantun elementare. Ba zai ga layin da aka rubuta kuɗin renon yara ba, ba kuwa wanda ya ga giɓi, domin kowa ya ɗauka dangi sun wadatar. A cikin shekarun nan ne kuma kulle ya bazu har ƙauyuka. Masana tarihi da yawa sun danganta wannan da mutuwar bauta, cewa matan da a da ake fitarwa gona, da suka sami 'yanci sai suka zaɓi zaman ɗaki irin na 'ya'ya. To, mace na cikin gida tana dakau, tana kaɗi, tana suyar ƙosai da ƙuliƙuli, tana dama fura, wa zai kai kasuwa, wa zai sayo mata gyaɗa da mai, wa zai riƙe jariri sa'ad da take gaban kasko? 'Yarta. Shi ya sa da aka fara buɗe makarantun 'yan mata a Kano da Katsina a 1930, daga baya Sakkwato, sau da yawa sai hakimi ya matsa wa dagaci, dagaci ya matsa wa mai unguwa, kafin a sami 'yan makaranta. An yi ta cewa duhun kai ne. Akwai tsoron baƙon abu, ba shakka, amma akwai kuma lissafi irin na matar Madina, domin wanda ya ɗauke wa uwa 'yarta ya ɗauke mata ɗan aike da mai talla da mai goyo gaba ɗaya, bai kuwa ba ta ko anini a madadinsu ba.

Su Turawan da ke mulki a nan, a can ƙasarsu gardamar nan ce ke ci. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu maza sun tafi fagen fama, aka bukaci mata a ma'aikatun ƙera makamai, sai Gwamnatin Ingila ta buɗe gidajen reno fiye da dubu, uwa ta ajiye ɗanta da safe ta ɗauka da yamma. Da yaƙi ya ƙare aka so mata su koma gida maza su karɓi aikinsu, Gwamnati ta rage kuɗin da take ba gidajen nan, da yawa aka rufe. A madadin haka majalisa ta yi doka a 1945, a riƙa ba kowane gida sule biyar a mako saboda kowane yaro, ban da na fari. Da aka kawo dokar, uba aka rubuta zai karɓa. Wata 'yar majalisa, Eleanor Rathbone, wadda ta yi shekara fiye da ashirin tana neman a yi wannan doka, ta tashi ta ce in ba uwa za a ba ba, ita ba ta goyon baya. Aka jefa ƙuri'a, aka mai da shi hannun uwa. Ta rasu a Janairu 1946, aka fara biya a Agusta, ba ta ga ko sule ɗaya ya shiga hannun mace ba. Ingila ba ta kawo wannan tsari Nijeriya ba. Faransa kuwa, bayan ƙungiyoyin ma'aikata sun matsa mata da yajin aiki, ta yi dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mulka a 1952, a 1956 kuma aka fara ba ma'aikatan albashi kuɗin 'ya'ya a Afirka ta Yamma. Sai ya zama Bahaushen da ke aikin albashi a Maraɗi ko Yamai yana karɓar kuɗin 'ya'ya, in ya kawo takardar haihuwa da shaidar awo a asibiti, ɗan'uwansa na Sakkwato ba ya karɓa. Amma ma'aikatan albashi 'yan ƙalilan ne, manomi a can da manomi a nan duk ɗaya, ba wanda ya san da zamansu.

Bayan samun mulkin kai ba abin da ya sake da sauri. A 1976 Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ambaci karatun yara ƙanana kafin firamare, amma ta bar shi ga masu zaman kansu, watau ga mai kuɗin biya a birni. A ƙarshen shekarun 1970 wata Ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna cikin birnin Kano ta bi diddigin sana'ar matan kulle, ta nuna a rubuce abin da kowace uwa ta riga ta sani, cewa jarin mace da 'yancinta a ƙafar yara suke tafiya, makaranta kuwa in ta kwashe yaran ta taɓa tukunyar uwa. Ran 30 ga Satumba 1999 Obasanjo, wannan karo yana shugaban farar hula, ya zo Sakkwato ya ƙaddamar da sabon shirin ilmin bai ɗaya. Dokar shirin ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin tushe, aka kuma tsara kashi 5 cikin 100 na abin da ake ba jihohi ya tafi ga ajin yara ƙanana. Wannan ne karo na farko da hukuma ta rubuta a doka cewa yaron da bai isa aji ɗaya ba yana da rabo a makarantar Gwamnati. A 2013 aka ƙara da cewa kowane yaro ya yi shekara guda a ajin share fage kafin firamare. Rubutu ya yi kyau. Amma jiha ba ta karɓar rabonta sai ta ajiye nata daidai da shi, ajin yara ƙanana kuwa shi ne na ƙarshe wajen samun ɗaki da tabarma da malama.

Hanyar kuɗi a hannu ta iso ƙasar nan sosai a 2014. Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ake kira UNICEF, da kuɗin Gwamnatin Ingila, tare da Gwamnatocin Jihohin Sakkwato da Neja, suka shirya ba iyaye mata kuɗi don 'yan mata su je makaranta. A Sakkwato an zaɓi ƙananan hukumomi shida, Binji da Boɗinga da Goronyo da Gudu da Wurno da Kebbe, maƙwabciyar Tambuwal. A garuruwan makarantun da aka zaɓa, kowace yarinya daga shekara 6 zuwa 15 ana ba uwarta ko mai riƙonta naira 5,000 duk wata uku, watau naira 20,000 a shekara. In aka raba su bisa kwanaki, ba su wuce naira 55 a yini ba. Mai karatu ya auna wannan da ribar tiren ƙosai na wancan lokaci, zai gane abin da ake nufin saye, tallar yarinya ce aka fansa daga uwarta. Ba a gindaya sharaɗin cewa sai yarinya ta halarci aji kaza kafin a biya ba, an dai yi ta wa'azi da jan hankali ta bakin masu gari da malamai da ƙungiyoyin iyaye mata. Da aka bincika bayan an gama, aka tarar 'yan matan da aka rubuta a makarantun nan sun ƙaru ƙwarai. Ashe iyayen da aka daɗe ana kira masu ƙin ilmi, da aka biya musu abin da za su rasa, sun saki 'ya'yansu. Sai dai shirin na shekara biyu ne, daga 2014 zuwa 2016.

A lokaci guda wani shiri na gudana gabas da nan, a Anka da Tsafe cikin Jihar Zamfara, da Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma cikin Jihar Jigawa, a hannun ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, shi ma da kuɗin Ingila. Wannan ya fi kama da diwanin Umaru, domin jariri aka nufa. Mace in aka tabbatar tana da ciki, sai a rubuta ta, a riƙa ba ta naira 3,500 kowane wata har ɗan ya cika shekara biyu, a 2017 aka mai da su 4,000. Tare da kuɗin akwai masu bi gida gida da dandali suna bayani a kan shayarwa da abincin yara da tsabta. Masu shirin sun ji tsoron abin da ya faru a Madina ta wata fuska, kada kuɗi su sa mata gaggawar ɗaukar wani ciki, saboda haka suka ce mace sau ɗaya take shiga, saboda ɗa guda. An yi zaton maza za su ƙwace kuɗin. Binciken da aka yi ya nuna yawancin mata su ke yanke shawarar yadda za a kashe, abinci ya fi cin kuɗin, saura suka sayi awaki suka ƙara jari, yaran da suka tsumbure saboda rashin abinci kuma suka ragu in aka gwada da ƙauyukan da ba a ba su ba. Shirin ya ƙare a 2019. Gwamnatin Tarayya ma tun 2016 ta shiga ba gidajen matalauta naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba uwar gida, wani sashe na kuɗin daga dukiyar da aka komo da ita daga Suwizalan ne, ta zamanin Janar Sani Abaca. A Janairu 2024 aka dakatar da shirye-shiryen hukumar da ke rabon don a yi bincike.

Gaskiyar magana, a ƙasa irin Sanyinna kuɗi a hannu suna da hujja mai ƙarfi. Gidan reno na Ingila an yi shi ne don matar da ke fita aiki ta bar gida a rufe. Matar ƙauyen Hausa wurin aikinta tsakar gidanta ne. Ƙauyuka da rugage a warwatse suke, ba mai ɗaukar ɗan shekara biyu ya yi tafiyar mil uku da shi kowace safiya. Gini na son kuɗi, mai reno na son albashi, a shekarun nan kuma da 'yan bindiga suka addabi Zamfara da sassan Sakkwato, an ga gari ya tashi ya bar makaranta da asibiti a tsaye, abin da ke ƙullin zanen uwa kuwa ya bi ta duk inda ta sauka. Kuma uwa ta fi ma'aikacin ofis sanin abin da ɗanta ya rasa, ko abinci ne, ko magani, ko takalmi.

Amma akwai abin da kuɗin ba su taɓa ba. Naira 5,000 ta sauke tire daga kan yarinya, ba ta kwance goyon da ke bayanta ba. Uwa in ta ƙara jari da kuɗin, aikinta ƙaruwa ya yi, bukatar mai riƙe mata yaro ta daɗu, ga wuta, ga tafasasshen mai, ga rijiya a tsakar gida. Kaka kuwa da a da ke karɓar yaye, yanzu ita ma sau da yawa tana neman na kanta, gandu ya watse, samari sun tafi cin rani sun bar mata da ƙananan yara. Ban da wannan, kuɗin rabo ba su da saiwa. Ran da mai bayarwa ya gaji, ko aka sake Gwamnati, sun tsaya, ba ko sallama. In ma ba su tsaya ba, tsada na cinye su, domin a 2014 dalar Amurka ba ta kai naira 200 ba a farashin Gwamnati, a 2024 ta wuce naira 1,000. Malamar da aka rubuta sunanta a takardar albashi ta fi wuyar sokewa, in dai an ɗauke ta tun farko.

Wasu ƙasashe sun bi wata hanya tsakanin biyun. Indiya tun 1975 ta shiga kafa wuraren tara yara a ƙauyuka, sunan da suke kiransu da shi ma'anarsa tsakar gida, macen garin ake ɗauka a koya mata aiki a riƙa ba ta ɗan abin hasafi, ta ciyar da yara ta auna su ta koya musu wasa da ƙirga. A Kolombiya, tun wajen 1987, Gwamnati ke ba wata uwa a unguwa abinci da lada, ta riƙe 'ya'yan maƙwabta goma sha wani abu a cikin gidanta. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba. Matar malam mai karantar da yara a zaure, da tsohuwar da ake tara wa jikoki in za a tafi biki, da jajin Nana Asma'u, duk irin wannan mace ce, bambancin kawai ba a taɓa rubuta ta a littafin Baitulmali ba.

Yadda abin yake a yanzu, a kan yaye yaro yana wajen shekara biyu, ajin share fage kuwa, inda akwai shi, mai shekara biyar aka tsara ya ɗauka. Shekara ukun da ke tsakani suna nan inda suke tun zamanin En'e. Da safe in aka buga ƙararrawa a makarantar ƙauye, a kan ga yarinya ta iso a makare, da littafi a hannu da ƙane a baya, ta tsaya bakin ƙofa tana duban malam. In ya kore ta, gobe ba za ta komo ba. Malamai da yawa sun gwammace su bar ta ta shiga, su zaunar da ita kusa da ƙofa, don in ya fara kuka ta fita da shi gindin bishiya ta jijjiga shi har ya yi barci, sa'an nan ta komo ta tambayi ta kusa da ita inda aka kai.